Daga ƙofar gidan yari zuwa ƙofar gida: yadda muke raka waɗanda aka saki

Lokacin da aka damƙa mini jagorancin sashenmu na ba da agajin lauya kyauta, a kotu aikinmu yake farawa, a kotu kuma yake ƙarewa. Mu nemi beli, mu kare wanda ake tuhuma, mu ɗaukaka ƙara in da hali. Da zarar alƙali ya ce a saki mutum, ko wa'adinsa ya cika, sai a rufe fayil a kai shi ma'ajiya. Abin da ya hana ni sakat shi ne fuskokin da nake sake gani a cikin sababbin shiga. Mutumin da muka yi ta fafutuka har ya fita, ba a rufa shekara ba sai ga shi ya dawo. In ka zauna da shi ka bi diddigi, sau da yawa ba wani gagarumin laifi ne ya maido shi ba. Wani tsohon sammaci ne da ba a soke ba. Wani ragowar tara ce ya kasa biya. Wani kuwa ya koma ya tarar an sayar da kayan sana'arsa, rigima ta kaure, aka kira 'yan sanda.

Na kai maganar gaban kwamitin da ke sa ido a kanmu. Ba su ƙi ba, amma tambayarsu tana kan hanya: mu lauyoyi ne, me ya haɗa mu da nema wa mutum ɗaki ko aiki? Na ce musu kusan duk abin da ke tare wa wanda aka saki hanya, akwai igiyar shari'a a jikinsa, kuma in ba lauya ba babu mai kwance ta. Na kafa hujja da ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni, waɗanda aka sabunta a 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela. Ƙa'ida ta 107 ta ce tun farkon zaman mutum a gidan yari ya kamata a fara tunanin makomarsa bayan fita. Ta 108 ta ce a tabbatar ya fita da takardun shaida, da wurin zama, da aikin yi, da tufafi, da abin da zai kai shi inda za shi ya kuma riƙe shi a kwanakin farko. Waɗannan ƙa'idoji ba doka ba ne da za ka kai wani ƙara a kansu, amma suna da nauyi a kunnen jami'ai, kuma na sha amfani da su a inda gardama ba za ta yi ba.

Shiga gidan yarin da kansa shi ne mataki na farko. Shugaban wurin ya karɓe ni da mutunci amma da taka-tsantsan, domin a saninsa lauya ba ya zuwa sai neman laifin gandirobobi. Na gaya masa abin da nake so ƙarara: jerin sunayen waɗanda ya rage musu wata shida ko ƙasa da haka, da ɗakin da za mu zauna da su inda jami'i zai iya ganinmu amma ba zai ji maganarmu ba. Ya ce, "Barista, in za ku rage mana masu dawowa, ai ni kuka taimaka." Muka rubuta yarjejeniya muka sa hannu, saboda shugabanni suna canzawa, takarda kuwa tana nan.

Mutumin da ya fi kowa muhimmanci a wurina cikin gidan shi ne jami'in da ke riƙe da kundin fursunoni. A hannunsa ranar fita take. Lissafin wannan rana ba abu ne mai sauƙi ba: a wurare da yawa ana rage wani kaso na wa'adi saboda kyan hali, wani lokaci alƙali ya ce a lissafa har da zaman da mutum ya yi yana jiran shari'a, wani lokaci hukunci biyu ne kuma sai an duba ko tare za su tafi ko ɗaya bayan ɗaya. Da hannu ake yawan yin wannan lissafi, mutum ɗaya da ɗaruruwan sunaye. Don haka duk fayil ɗin da muka buɗe, sai mun samo kwafin hukuncin daga kotu mun sake lissafi da kanmu. Mun taɓa samun wanda ranar fitarsa ta riga ta wuce yana zaune bai sani ba.

A zaman farko ba na tambayar mutum laifin da ya yi, wannan yana cikin takarda. Tambayata ta farko ita ce, "Ranar da ka fita, ina za ka kwana?" Kusan kowa yakan ce gida. Sai in ce, yaushe rabon da wani daga gida ya zo ganinka? A nan ne gaskiyar takan fito. Daga nan muke bin sauran a hankali: ina katin shaidarka, akwai wata ƙara a wata kotu, akwai bashi, akwai 'ya'ya kuma a hannun wa suke, akwai maganin da kake sha, akwai wanda kake tsoro a waje, akwai wanda yake tsoronka. Na horar da abokan aikina su guji abu guda, alkawari. Mutanen nan an sha yi musu alkawari. Abin da muke faɗi shi ne ga abin da za mu gwada, ga ranar da za mu dawo, kuma ranar nan sai mun dawo ko da hannu biyu ne babu komai.

Matsalar katin shaida ta fi cinye mana lokaci, kuma wanda bai taɓa rasa nasa ba ba zai gane girmanta ba. Babu kati, babu asusun banki, babu layin waya, babu takardar haya, babu ɗaukar aiki. Kafin a ba ka kati kuwa ana neman takardar haihuwa ko adireshi, kai kuma adireshinka na shekarun nan gidan yari ne. Abin kamar zare ne da ya cukurkuɗe, sai ka nemo bakinsa kafin ka ja. Bakin zaren a wurinmu yawanci takardar rantsuwa ce da muke shiryawa tun mutum yana ciki, da kuma roƙon ofishin rajista ya turo ma'aikaci ya ɗauki hoto da zanen yatsu a can. Wani lokaci katin yana nan cikin kayan da aka karɓe ranar da aka kama shi. Ƙa'ida ta 67 a ƙa'idojin Mandela ta tanadi a rubuta kayan fursuna a ajiye, a mayar masa ranar fita, amma abin da ya tsaya a ofishin 'yan sanda ba ya bin mutum zuwa gidan yari. Sai mun rubuta wasiƙa, mun je, mun koma.

Sai maganar tsofaffin ƙararraki. Mutum yana ɗaure a kan laifi ɗaya, wata kotu tana kiran wata ƙararsa, bai zo ba, alƙali ya ba da umarnin kamo shi, domin babu wanda ya sanar da kotun cewa a tsare yake. Ranar da ya fita, ko ranar da aka tsayar da shi a hanya, sai a sake kama shi a kan ƙin halartar zaman da ba shi da ikon halarta. Yanzu muna rubuta wa magatakardan duk kotunan da mutum ya ambata, har da waɗanda bai ambata ba a yankin da aka kama shi. In mun samu, mu nemi a kawo shi gaban alƙali tun yana ciki, a soke sammacin, a yanke ƙarar ko a sa mata rana. Haka muke yi da tara. Wanda ya gama zamansa amma ba shi da abin biya, muna neman kotu ta ba shi damar biya kaɗan-kaɗan, ko ta musanya masa da aikin hidimar jama'a inda doka ta yarda. Ƙa'idojin Tokiyo na 1990, na Majalisar Ɗinkin Duniya, sun daɗe da kiran ƙasashe su faɗaɗa irin waɗannan hukunce-hukunce da ba na ɗauri ba.

Ba a daɗe ba na ga lauyoyinmu ba za su iya ba su kaɗai. Na ɗauki darasi daga Malawi, inda tun shekarar 2000 mataimakan lauyoyi suke shiga gidajen yari suna koya wa fursunoni yadda za su nemi beli da bakinsu, suna kuma zaƙulo fayilolin da aka manta. Sanarwar Lilongwe ta 2004 kan samun agajin lauya a Afirka da kuma ƙa'idojin agajin lauya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2012 duk sun yarda da matsayin irin waɗannan mataimaka. Muka ɗauki namu muka horar. Daga baya na dage sai an ɗauki wasu daga cikin waɗanda suka taɓa zama a ciki. An yi ta ja-in-ja kafin hukumar gidan ta yarda su sake shiga da katin aiki a wuya, amma babu shawarar da na yanke da ta fi wannan amfani. Abin da fursuna zai ɓoye mini wata guda, yakan faɗa musu a zama ɗaya.

Duk wannan rabin aikin ne. Mutum zai iya fita da takardunsa cif, amma in unguwar da zai koma ta rufe masa ƙofa, babu inda takardu za su kai shi. Saboda haka muka fara fita daga ofis.

Muna yin manyan taruka, muna shiga rediyo, kuma suna da ranarsu: ta nan ne iyalai ke jin cewa muna nan. Amma a ganina zukata ba a taron jama'a suke sauyawa ba. A ƙaramin zama ne, mutum uku ko huɗu, a kan mutum ɗaya takamaimai. Ba ma zuwa gidan kowa sai da yardar wanda muke wakilta, a rubuce, tare da iyakar abin da ya yarda mu faɗa. Sirrinsa nasa ne. Akwai waɗanda danginsu suke zaton tafiya suka yi, kuma ba mu ne za mu fasa ƙwan ba.

Akwai wani dattijo da na je wurinsa a kan ɗansa wanda ya rage masa 'yan makonni. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, kai aikinka kake yi. Ni yaron nan ya zubar mini da mutunci a gaban mutanen da nake gaisawa da su kullum." Ban yi masa wa'azi ba, ban kuma ce ya yafe ba, domin ba ni aka ɓata wa ba. Na ce, "Baba, ban zo in ce ka manta ba. Na zo ne in ji sharuɗɗanka." Ya yi shiru, daga baya ya lissafa su: ba zai kwana a gidan ba tukuna, ba zai kawo tsofaffin abokansa ƙofar gida ba, kuma sai ya je da ƙafarsa ya ba mahaifiyarsa haƙuri. Muka samu wani kawunsa ya ba shi ɗaki na wata uku. Na kai wa yaron sharuɗɗan yadda aka faɗe su, ban rage ba ban sassauta ba. Ya karɓa. Tun daga nan na riƙe wannan hanya: iyali sun fi saurin buɗe ƙofa in an bar musu ikon faɗin yadda za a buɗe ta.

Tsoron maƙwabta ma ba na raina shi. Wanda aka fasa wa gida yana da haƙƙin jin faɗuwar gaba in ya ji ɓarawon zai dawo layinsu. Inda akwai wanda aka zalunta a kusa, ba ma bari ya ji labarin a bakin titi. Muna neman wanda ya amince da shi, shugaban addini ko dattijon unguwa, a sanar da shi, a tambaye shi me zai kwantar masa da hankali. Wasu suna son zaman sulhu, su ga mutumin ido da ido, a yi maganar diyya. Wasu ba sa son ko jin sunansa, kuma wannan ma amsa ce da muke girmamawa. Akwai lokutan da na gaya wa wanda nake wakilta kai tsaye cewa komawa unguwar nan ba alheri ba ne gare shi ko ga wanda ya cuta, musamman in laifin duka ne ko cin zarafi a cikin gida. A irin wannan, amincin wadda aka cuta shi ne gaba, mu kuma mu nema masa wani wuri.

Masu ɗaukar aiki sun fi kowa wuyar sha'ani. Wata mai bincike a Amurka, Devah Pager, ta tura matasa neman aiki a birnin Milwaukee da takardu iri ɗaya, bambancin kawai wasu sun ce an taɓa ɗaure su. A sakamakon da ta wallafa a 2003, fararen da ba su da tarihin ɗauri an sake kiran kashi 34 cikin 100, masu tarihin kuwa kashi 17. Baƙaƙe kashi 14 ne, ya faɗo zuwa kashi 5. Ban yi mamakin alƙaluman ba, don abin da nake gani ke nan. Abin da ya yi mana aiki shi ne kada mu roƙi tausayi. Muna zuwa wa mai aiki da tayi: ga mutum, ga abin da ya iya, ga abin da ya aikata in ya yarda a faɗa, ka gwada shi na ɗan lokaci, ga lambar wayar ofishinmu in wani abu ya taso. Ba ma taɓa ɓoye wa mai aiki abin da ya shafi aikin, kuma ba za mu tura wanda aka ɗaure a kan cin amanar kuɗi ya riƙe akwatin kuɗi ba. Mutum ɗaya da ya riƙe amana yakan buɗe wa na bayansa hanya a wurin.

Tabon da ke kan takarda kuwa sai doka ta goge shi. Ingila tun 1974 take da dokar da ta ce bayan wasu shekaru ba tare da sabon laifi ba, yawancin hukunce-hukunce sun shuɗe, mutum ba sai ya ambace su ba wajen neman mafi yawan ayyuka. Jihar Pennsylvania a Amurka ta yi doka a 2018 wadda ke rufe wasu tsofaffin bayanai da kanta ba sai mutum ya nema ba, kuma wannan shi ne daidai, domin talaka ba ya iya bin dogon layin neman gogewa. Duk lokacin da na samu zama da masu yin doka, wannan nake kai musu.

Ranar fita muna roƙon a saki mutum da safe, ranar aiki, lokacin da ofisoshi da asibiti suke buɗe. Ɗaya daga cikinmu yana tsaye a ƙofa. Na dage a kan wannan ne saboda makonni biyun farko su ne mafi haɗari. Wani bincike da aka wallafa a 2007 a kan mutanen da aka saki a jihar Washington ya nuna cewa a waɗannan makonni haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran jama'a fiye da sau 12, kuma shan ƙwaya fiye da kima ne kan gaba. Dalilin a fili yake: jiki ya daɗe bai sha ba, ƙarfin jurewarsa ya ragu, mutum ya fito ya sha gwargwadon da ya saba a da. Muna faɗa wa masu wannan lalura wannan magana ɓaro-ɓaro kafin su fita. Mai shan maganin tarin fuka, ko na cuta mai karya garkuwar jiki, ko na taɓin hankali, ba ya fita sai da ragowar magani a hannu da takardar da za ta haɗa shi da asibiti, domin yankewar magani na 'yan kwanaki kan rushe jinyar watanni.

Mata suna da nasu nauyin daban. Dangi sun fi saurin juya wa mace baya, kuma tambayarta ta farko kusan kullum 'ya'yanta ce. Ƙa'idojin Bankok na 2010, na Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni mata, sun ce a bar uwa ta shirya wa yaranta wurin zama kafin a tsare ta, amma a aikace yara sukan watsu a hannun dangi, wani lokaci a hana ta ganinsu bayan ta fito. Muna fara neman yaran tun tana ciki, mu gwada sulhu, in ya ƙi mu shigar da ƙara.

Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne masu jiran shari'a. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na fursunonin duniya ba a yanke musu hukunci ba. Irin wannan mutum ba shi da ranar fita da za mu lissafa. Wata rana a kotu alƙali zai kori ƙarar, ya fito da kayan jikinsa, bayan shekaru, ba tare da an same shi da laifi ba. Aikinsa ya tafi, ɗakinsa ya tafi, a idon unguwa kuma ɗan fursuna ne kamar kowa. Babu wani shiri na hukuma da ya san da shi, tunda ba a taɓa ɗaure shi a takarda ba. Mun mayar da shi ƙa'ida cewa duk wanda muke karewa kuma ya haura wata uku a tsare, a buɗe masa fayil na komawa gida tare da na shari'arsa, kuma ranar da aka sallame shi mu karɓo masa kwafin umarnin kotu mai hatimi, ya riƙe a hannu ya nuna wa duk mai shakka.

Masu ba mu tallafi suna son lamba: mutum nawa kuka taimaka, nawa suka dawo. Ina ba su, amma ina kuma nuna musu abin da nake aunawa da shi kafin mu rufe fayil, wato mutum yana da kati, yana da wurin kwana tabbatacce, yana da hanyar samu, babu sammaci a kansa, kuma akwai wani a unguwarsa da zai kira kafin ya kira mu. Wasu suna komawa duk da haka. In hakan ta faru muna ɗauko fayil ɗin mu zauna gaba ɗaya mu bi shi daga farko, mu ga inda igiya ta tsinke, sannan ɗayanmu ya koma ciki ya sake zama da shi.

Abin da waɗannan zama suka yi ta nuna mana shi ne wata shida ya yi kaɗan. Kafin mu iso, an riga an raba gado babu kasonsa, mai gida ya fitar da kaya, aure ya mutu, yara sun bar makaranta. Duk waɗannan a watannin farko na ɗauri suke faruwa, lokacin da wasiƙar lauya guda ko takardar wakilci za ta iya tsayar da su. Shi ya sa na koma wurin shugaban gidan yarin da sabuwar buƙata, a riƙa ba mu jerin sababbin shiga a makon da aka kawo su. An amince mu fara gwaji a sashen mata, kuma yanzu haka muna horar da mataimaka biyu mata da za su riƙe shi.